Adelabu Penkelemesi da Zamanmu a Badun

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Sabo

  

  

Kwamiti ya umarce mu da mu yi magana a kan siyasa da zaman baƙunci. To mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya, saboda haka kada a sa ran dogon Turanci daga gare mu. Labarin mutum guda za mu kawo muku, ɗan majalisa na wannan gari, Bayarabe, Musulmi, wanda ya rasu tun ba a haifi mafi yawanmu ba. Sunansa Alhaji Adegoke Adelabu, wanda mutanen Badun har gobe suke kira Penkelemesi. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? A yi mana haƙuri, za a ga abin da ya haɗa su.

An haifi Adelabu ran 3 ga Satumba 1915 a unguwar Oke-Oluokun. Ku lura da shekarar. Bayan shekara ɗaya, a 1916, aka yanka wa Hausawa wannan fili da muke zaune a kai, aka ce masa Sabo. Wato shi da unguwarmu kusan sa'o'in juna ne. Gidansu gidan Musulmi ne, amma a wancan zamani bokon Badun yana hannun 'yan mishan, don haka a makarantar CMS ta Kudeti ya fara, ya wuce ta Mapo, daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Badun daga 1931 zuwa 1935. Allah ya yi masa kai, har tsallake aji ake yi masa. A 1936 ya tafi babbar kwalejin Yaba a Ikko, kamfanin UAC ne ya ɗauki nauyinsa, amma bai daɗe ba ya ajiye karatun ya kama aiki da kamfanin. Ya yi harkar sayen koko, ya yi aikin gwamnati a sashen ƙungiyoyin gama-kai na manoma, ya kuma taɓa kasuwancin kansa, bai ji da daɗi ba. Mu 'yan kasuwa mun san wannan, kasuwa ba ta tambayar takardar makaranta. Sai dai shekarun nan ba su tafi a banza ba, domin a cikinsu ya san ƙauyukan Badun, ya san manomi da sikelinsa da bashinsa, ya san abin da ke sa talaka fushi.

Siyasarsa ta fara ne da rubuta takardar ƙara. A 1949 sarakunan Badun da wasu 'yan gari suka taso wa Salami Agbaje, attajiri kuma babban basarake, suna gudun kada ya kai ga sarautar Olubadan. Adelabu ne ya riƙe musu alƙalami. Binciken da aka yi ya wanke Agbaje, amma shi Adelabu ya fito da suna. A 1951, da aka zo zaɓen Majalisar Dokokin Jihar Yamma, shi da su Adisa Akinloye, wanda daga baya ya zama shugaban jam'iyyar NPN na ƙasa a zamanin Shagari, suka tsaya a ƙarƙashin wata jam'iyya ta 'yan gari mai suna IPP. Kujeru 6 Badun ke da su, duka suka lashe. Da aka zo buɗe majalisa a farkon 1952, mafi yawan waɗannan zaɓaɓɓu suka koma jam'iyyar AG ta Cif Awolowo. Adelabu ya ƙi. Ya tsaya tare da NCNC ta Dakta Azikiwe a ɓangaren hamayya, alhali ga gwamnati can tana raba muƙamai. A shekarar ce kuma ya fitar da littafinsa na Turanci mai suna Africa in Ebullition.

To a nan ne muke so samari su buɗe kunne. Mutumin da ke hamayya, ba minista ba, ba shi da kwangilar da zai raba, yaya aka yi cikin shekara 3 ya mallake Badun? Ta hanyar haraji ya bi. Gwamnatin AG tana shirin ba da ilimin firamare kyauta, wanda aka fara a Janairu 1955, kuma abu ne mai kyau, ba mai musu. Amma kuɗin daga aljihun talaka zai fito, sai aka ƙara haraji da sunan ilimi da lafiya. Manomi a ƙauye bai ga makaranta ba tukuna, mai karɓar haraji ya gani. A daidai lokacin kuma sabuwar dokar ƙananan hukumomi ta 1952 ta rage ikon sarakuna ta miƙa shi ga zaɓaɓɓun kansiloli, sarakuna suna jin an zubar musu da girma. Adelabu ya haɗa fushin nan biyu wuri guda. A 1953 aka kafa ƙungiyar masu biyan haraji ta Badun, ta zama abin da aka sani da Mabolaje, ma'anarta da Yarabanci kada a zubar da darajar sarauta. A 1954 suka cinye zaɓen majalisar gari, Adelabu ya zama ciyaman, yana zama a Mapo, babban ginin nan na kan tudu da aka gama a 1929. A ƙarshen shekarar aka yi zaɓen tarayya, NCNC ta ci kujeru 23 cikin 42 na Jihar Yamma, AG ta tashi da 18. A Janairu 1955 ya zama ministan tarayya a Ikko, kuma bai saki kujerar ciyaman ba.

Dattawan Badun har yanzu suna ba da labarin yadda yake tsugunawa a bakin titi ya ci amala da 'yan dako, makaɗa na biye da shi. Ana kuma ba da labarin cewa da aka ba shi motar minista sai ya kawo ta gari ya ce jama'a su shiga su ɗana, ai da kuɗinsu aka saya. Turanci kuwa a bakinsa kamar ruwa. Sunan Penkelemesi ma daga nan ya samo asali: wasu kalmomi biyu ne na Turanci da yake jifan gwamnati da su, masu nufin wani irin rikitaccen al'amari, jama'ar gari suka ji, suka murɗe su da harshensu, suka zama kirarinsa.

Amma fa ba mu zo nan don mu yi masa roƙo ba. Mutum ne mai fuska biyu, kuma dole mu faɗi duka biyun. A Ikko da cikin littafinsa, ɗan kishin Nijeriya ɗaya ne, jam'iyyarsa ita ce wadda a Inugu ta tsayar da Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956. Ku ji fa, mai shanu irinmu, a tsakiyar ƙasar Ibo. Amma a cikin Badun, wutar da ta dafa Mabolaje har da ta ƙyashin baƙi, musamman Ijabu, waɗanda suka yi ƙarfi a kasuwa da filaye, ga shi kuma Awolowo mutumin ƙasar Ijabu ne. Jama'a, Ijabu fa Yarbawa ne, harshe ɗaya, nisan garinsu bai kai tafiyar yini ba, amma da siyasa ta yi zafi sai aka tuna musu cewa su baƙi ne. Wanda ya zo daga Kano ko Katsina ko Gobir sai ya yi wa kansa lissafi.

Mulkinsa a Mapo ma bai ƙare lafiya ba. Gwamnatin Jiha ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani Bature mai suna Nicholson, rahoton ya same shi da laifi a kan yadda ake tafiyar da majalisar gari. Magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne na AG, abokan hamayya suka ce gaskiya ce ta yi halinta. A 1956 ya rasa kujerar minista, ya rasa ta ciyaman. Wani da tuni an shafe babinsa. Shi kuwa a shekarar nan ya ja NCNC zuwa zaɓen Jihar Yamma yana neman firimiya. AG ta ci 48, NCNC 32, ya zama shugaban 'yan hamayya a majalisa, yana fuskantar Awolowo ido da ido. Ya yi fafutukar a yanke wa lardunan Badun da Oyo da Ondo jiharsu daga Jihar Yamma, ba a ba shi ba. Jihar Oyo da muke ciki sai a 1976 aka ƙirƙiro ta, shekara 18 bayan ransa.

Ran 25 ga Maris 1958, a farkon watan azumi, yana dawowa daga Ikko, motarsu ta yi karo da wata a wajen Shagamu, hanyar da iyayenmu suka sha bi neman goro. Ya rasu yana da shekara 42. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan da nan jita-jita ta cika gari cewa maƙiya ne suka yi masa asiri. Magoya baya suka fita da adduna da sanduna cikin gari da ƙauyuka, aka ƙone gidaje, aka kashe mutum kimanin 20, aka kama ɗaruruwa. Mutumin da ya ce talaka yake yi wa yaƙi, talakawa ne suka kashe juna a kan gawarsa. Allah ya jiƙan Musulmi. Gidansa yana nan a Oke-Oluokun, kuma jikansa, Adebayo Adelabu, ya nemi gwamnan Oyo a 2019 da 2023, aka naɗa shi ministan wutar lantarki a 2023.

Yanzu bari mu dawo gida. A shekarun nan da Adelabu ke tashe, ina iyayenmu suke, me suke yi?

Kafin 1952 zaman Sabo a fili yake. Akwai Sarkin Hausawa, Olubadan ya san da shi, Di'o ya san da shi. In magana ta taso ta kara ko ta masauki ko ta haraji, sarki ya hau Mapo, ya faɗi, a ji. Shanu su sauko daga Arewa a ƙasa ko a jirgi, fatoma ya sauki baƙonsa, dillali ya haɗa shi da mahauci Bayarabe, a ba da bashi a kan amana ba takarda, huhun goro kuma ya hau Arewa. Da dokar 1952 ta zo, Turawa kuma suna naɗe tabarmarsu, sai ikon ya bar hannun sarki da Di'o ya koma hannun mai ƙuri'a. Wanda zai yanke kuɗin rumfa da wurin kara da lasin mahauta ya zama kansila, kansila kuwa ba ya jin kowa sai wanda ya zaɓe shi. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, lokacin Hausawan Sabo ba su fi 4,000 da 'yan kai ba, ya rubuta littafi a kanmu da ya fito a 1969. Abin da ya gani shi ne, da iyayenmu suka ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu, sai suka ƙara matsowa kusa da juna. Suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka tsayar da Juma'arsu a cikin Sabo a 1952, suka riƙe cinikin shanu da goro gam a tsakaninsu.

Wallahi ba mu ga laifinsu ba, Allah ya saka musu da Aljanna. Da ba su yi haka ba, da yau 'ya'yanmu ba sa jin Hausa, da amanar da ake cinikin miliyoyi da ita ba takarda ta watse. Abin da suka tsare ya tsaru. Amma ganuwar da ta tsare mu ita ce kuma ta tsare mana ganin Mapo da Agodi. Muka saba da cewa siyasar gari ta 'yan gari ce, tamu siyasar tana gida. Har yau in ka zauna a majalisar shayi a Sabo ko Ojoo ko Shasha, za ka ji ana musu har da rantsuwa a kan Kwankwaso da Ganduje, ko Wamakko da Tambuwal. Ka ce a faɗa maka sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar rumfar da ake zaune a ciki, sai kallon kallo.

Ga shi kuwa majalisar tana nan Agodi, a sakatariya, inda Adelabu ya yi ta kai ruwa rana da Awolowo. Daga Sabo ko kuɗin acaba kirki ba za ka kashe ba. Kujeru 32 ne a cikinta. Ƙaramar hukumar Badun ta Arewa, inda Sabo take, tana da 2. Akinyele, inda Shasha da Ojoo suke, tana da 2. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, su ke yin dokar kasuwa da haraji da filaye, su ke tantance kwamishina. Shugaban ƙasa da muke raba dare muna jiran sakamakonsa bai san inda rumfarka take ba.

Ku duba abin da ya wuce a gabanmu cikin 'yan shekarun nan. A 2018 aka ce mahauta su tashi daga Bodija su koma sabuwar mayanka a Amosun, har abin ya kai ga arangama da asarar rai. Duk wanda ke ba mahauta shanu bashi ya ji a jikinsa. A 2019 majalisar Oyo ta zartar da dokar hana kiwon sake. Manoma suna da kukansu, kuma kuka ne na gaskiya, wanda aka cinye masa rogo ba za ka ce ya yi shiru ba. Amma doka ce da ta taɓa saniya, saniya kuwa ita ce uwar cinikin unguwar nan tun 1916, kuma a cikin kujeru 32 babu ko guda da mai kara ke kai. A Fabrairu 2021 kuma ga Shasha. Daga taƙaddama a kan tumatir da ya zube, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare, rumfuna da gidaje suka ƙone, gwamna ya rufe kasuwa ya sa dokar hana fita. Gwamnoni 4 suka taso daga Arewa, na Kano da Kebbi da Neja da Zamfara, suka zo jaje. Mun gode musu, Allah ya saka. Amma da yamma jirgi suka hau suka koma. Maganar sake gina rumfa, da wa za a ba, da nawa za a biya, a nan Badun aka yi ta, a ofisoshin da ƙuri'ar Badun ta cika.

To me ya hana mu? Doka dai ba ta hana ba. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 abu 4 ya nema ga mai son kujerar majalisar jiha: ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekarun da aka yanka, wanda gyaran 2018 ya sauko da su daga 30 zuwa 25, ya yi karatu daidai da sakandare, jam'iyya kuma ta tsayar da shi. Ba a ce sai kakansa ɗan gari ba. Muna da yara a nan da aka haifa a Sabo, aka haifi ubanninsu a Sabo, suna Yarabanci kamar Mapo aka yanke musu cibiya, wasu har da digiri daga Jami'ar Badun. Shugaban majalisar da aka zaɓa a 2019, Adebo Ogundoyin, shekararsa 32 a lokacin. Sa'an ƙannenmu ne.

Ba muna cewa gobe da safe Bahaushe zai ci kujera a Agodi ba. Yawanmu bai kai ba mu kaɗai, kuma labarin Ijabu da muka ba ku ya isa ya nuna cewa maganar ɗan gari da baƙo ba ta mutu ba, barci take yi. Wanda ya shiga da girman kai ko da zancen ƙabila, kansa zai jawo wa, ya jawo mana. Shi ma Umaru Altine da ƙuri'ar Ibo ya hau, domin ya zauna da su, ya shiga jam'iyyarsu tun daga ƙasa, ya sha wuya tare da su. Adelabu kuma bai fara da minista ba. Da takardar haraji ya fara, ƙauye ƙauye, yana ƙirga mutanensa. Mu kuwa haraji muna biya, kuɗin rumfa muna biya, tikitin mota da na kara kullum sai an yanka mana, amma ba mu taɓa zama mun ƙirga kanmu ba. In ɗan takara ya zo gaida sarki ana saura mako biyu zaɓe, ya ajiye buhun shinkafa da atamfa, ya san abin da ya saya, ya kuma san bai yi tsada ba. Da zai tarar da littafi a gaban sarki, an ce masa ga masu katin zaɓe kaza a akwatunan Sabo, ga kaza a Shasha, ga kuma buƙatunmu a rubuce, magudanar ruwa, da makarantar gwamnati da ta lalace, da wakilci a kwamitin kasuwa, da wani irin zama zai yi a kan tabarmar.

Babbar ɓarakar ita ce katin zaɓe. Da yawanmu katinmu na Kano ne ko Sakkwato ko Zamfara. Zaɓe ya matso, a cika motoci a tafi gida, Sabo ta zama kamar an yi shara. Wasu tsoron rikici ke kora su, kuma ba za mu yi musu dariya ba, wanda ya ga Shasha yana da hujja. Amma wanda iyalinsa ke nan, jarinsa ke nan, iyayensa ke kwance a maƙabartar nan, ya kamata ƙuri'arsa ta kwana inda yake kwana. Hukumar zaɓe tana da hanyar mayar da rajista daga wata jiha zuwa wata, kyauta ne, in an buɗe rajista ake yi, kuma ana rufewa tun da sauran watanni kafin zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ga roƙonmu ga shugabannin ƙungiya, a gaban sarki da malamai. A naɗa mutum biyu biyu daga 'yan kara, da 'yan goro, da 'yan gwari, da 'yan canji, da masu acaba, su bi rumfa rumfa su rubuta wanda ke da katin nan da wanda nasa ke gida, da yaran da suka kai 18 ba su yi rajista ba. Iyayenmu mata su fitar da nasu wakilan, domin su ne ba sa tafiya ko'ina ranar zaɓe, kuma mu maza ba za mu shiga gidaje mu ƙirga su ba. Ƙungiya kada ta ɗauki jam'iyya, kowa ya bi wadda ta kwanta masa, amma a samu namu a taron mazaɓa na kowace jam'iyya. Sa'an nan a rubuta wa 'yan majalisar nan 4 na Badun ta Arewa da Akinyele takarda, da Yarabanci da Turanci, a gayyace su taronmu na gaba, tun ba su fara neman mu ba. Muna roƙon a kawo rahoton ƙirgar kafin babbar salla.

Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan unguwa, ya yi wa kasuwa albarka.